Akwatin Soket Mai Guda 108 da Akwatin "Kayan Gida": Wanne Ya Cancanci Kuɗin Mai Koyon Gyara a Kano?

Duk wanda ya shiga layin masu kayan aiki a Sabon Gari, ko ya bi France Road, ko ya leƙa Ƙofar Ruwa yana neman abin da zai fara taɓa gyara da shi a gida, akwatuna biyu za a fi miƙo masa. Na farko akwatin roba ne mai nauyi, an rubuta 108 a jikinsa, cike da soket, wato ƙoƙunan ƙarfe da ke hawa kan noti, da racet, hannun da ake juya su da shi, wanda wasu kanikawa ke kira bos. Na biyu shi ne wanda masu shago ke cewa "komai da ruwanka": guduma, filaya, sukudireba, tef ɗin awo, wuƙa, ƙaramin zarto, testa, baƙin salatif, wani lokacin har da mitar awon wuta. Sunayen kamfanonin da ke jikinsu suna da yawa, amma idan ka buɗe za ka ga kusan zubi ɗaya ne, daga China.

Hukuncinmu a taƙaice: na farko ya cancanci kuɗinsa idan aka duba shi da kyau kafin a biya, na biyu kuma rabinsa ne kawai abin kirki. Sannan ko an haɗa su biyun ba su isa ba, domin abubuwan da suka fi tsare lafiyar mai gyara da lafiyar abin da yake gyarawa babu su a cikin kowanne.

Mu fara da lambar nan ta 108, don ita ce ke jan ido. Wajen kashi ɗaya cikin uku na kayan ƙananan kawunan sukudireba ne, masu tauraro da masu kusurwa shida da sauransu, waɗanda mai Corolla ko Accord zai shekara bai taɓa yawancinsu ba. Abin da kake biya wa kuɗi a gaskiya shi ne racet biyu, babba mai bakin rabin inci da ƙarami mai bakin kwata, da soket manya daga lamba 10 zuwa 32 (lambar faɗin kan noti ce a milimita), da ƙanana daga 4 zuwa 14, da dogayen soket 'yan kaɗan, da soket ɗin fulogi biyu, 16 da 21, da sandunan ƙara tsawo, da sanda mai zamewa wadda ake riƙewa kamar harafin T. Waɗannan kuwa sun isa aiki mai yawa. Motocin Japan da suka cika titunan Kano, Toyota da Honda da Nissan, kusan duk notinsu yana cikin 8, 10, 12, 14, 17, 19 da 21. Mai Golf ko Peugeot 406 shi ne zai ga amfanin 13 da 16 da 18 da kawunan nan masu tauraro, saboda Turai sun fi son su. Ke nan abin da ya zama tarkace a wurin wani, a wurin wani shi ne abin nema.

Abin yabo na farko shi ne yawancin waɗannan soket masu kusurwa shida ne a ciki, ba goma sha biyu ba. Mai kusurwa shida yana kama noti a gefensa mai faɗi, don haka ko notin ya yi tsatsa ko an taɓa cin kansa, da wuya ya zame. Mai goma sha biyu a kan kusurwoyi yake kamawa, kuma shi ne ke lashe kan noti har ya koma kamar ƙwallo. Ga mai koyo wanda hannunsa bai san iyakar ƙarfi ba tukuna, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rauninsa yana wurin racet. Haƙoran da ke cikinsa ƙanana ne, kuma ba don kwance noti mai taurin kai aka yi shi ba. Mutane kan zura masa bututun ƙarfe su hau da ƙafa, haƙori ya karye, sai a ce kayan jabu ne, alhali ko na Jamus aka yi wa haka sai ya gaji. Ƙa'idar ita ce a fara karya taurin noti da sanda marar haƙori, sannan racet ya ƙarasa kwancewa. Akwatin robar ma kansa ba ya daɗewa. Maɓallansa ne ke fara karyewa, musamman idan yana kwana a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, kuma ranar da ka buɗe shi a kife za ka kwashe rabin sa'a kana tsintar soket a ƙasa. Kuma lamba 10 ita ce ke fara ɓata, a kowane gareji haka ne. Sayi guda biyu na daban tun ranar farko.

Kada ka yarda da rubutun Cr-V da ke jikin ƙarfen, wanda ke nufin ƙarfe ne mai ƙwari, kowa na iya buga shi. Gwaji a cikin shago ya fi. Tafi da sabon noti mai lamba 10 da mai 14 a aljihu, ka ɗora soket a kansu ka girgiza. Ya kamata ya zauna daram da ɗan motsi kaɗan, idan yana rawa sosai ajiye shi. Juya racet hagu da dama kana sauraro, ƙarar ta zama iri ɗaya babu inda yake tsallake, kuma maɓallin canza hanya kada ya koma da kansa. Cusa soket a bakin racet ka kifa shi ƙasa, idan ya faɗo ƙwallon riƙewar ba shi da ƙarfi. Leƙa cikin soket da tocilan ɗin waya, idan farin fentin ƙarfen yana ɓarewa tun yana sabo, zai yanke ka a yatsa kuma tsatsa za ta biyo baya. Farashi kuwa yana bin dala, ka taya a shago uku kafin ka ciro kuɗi.

Babban giɓin akwatin shi ne babu sifana a ciki. Akwai wurare da dama da soket ba ya shiga, kamar notin da ke kan bututu, ko inda ake buƙatar riƙe ɗaya gefen yayin da ake juya ɗaya. Don haka sai an sayi jerin sifana mai baki biyu, gefe zobe gefe buɗaɗɗe, daga 8 zuwa 19 aƙalla. A nan ne kayan Beljiyom na Ƙofar Ruwa ke da daɗi, domin tsohuwar sifana mai kyau ta fi sabuwa marar nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai a kula, a cikin tarin akwai masu awon inci da suka zo daga Amurka. Mai 9/16 ta ɗan fi 14 faɗi, wato milimita 14.3, za ta shiga notin kamar ta yi daidai, ranar da ka matsa ƙarfi sai ta cinye kansa. Mai 3/4 ce kawai za ka iya amfani da ita a madadin 19 hankali kwance.

Bari mu auna akwatin da aikin da kowa ke fara koya, wato juyen baƙin mai, mu ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1.8 misali, tunda ita ce ta fi yawa. Ana tada injin minti biyar don man ya saki, a kashe. Notin da ke ƙasan kaskon mai lamba 14 ne, soket ɗin akwatin yana kwance shi ba wahala. A tara roba mai ɗaukar lita 5, a bar man ya tsiyaye kamar minti goma. Akwai 'yar wosha a wuyan notin wadda ake so a canza kowane juye, don ita ce ke matsewa ta hana ɗiga. Idan ta tsufa aka ci gaba da amfani da ita, mai zai riƙa naso, sai mutum ya ƙara ɗaure notin don ya tsaya, har zaren kaskon ya cinye. Yawancin kaskon da ka ga an liƙe notinsa da gam ko an naɗe shi da zaren famfo, ta haka ya lalace. Ƙarfin da littafin motar ya ce shi ne 37 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), wanda a hannu bai wuce matsa guda mai kyau da racet riƙe a tsakiya ba.

Filtar mai kuwa akwatin ba shi da abin kwance ta. Ana sayar da wani murfin ƙarfe mai faɗin milimita 64 da ke hawa kanta, ko mai sarƙa, ka sayi ɗaya. Dabarar huda filta da sukudireba a murɗa tana aiki wani lokaci, wani lokacin kuma gwangwanin ya yage ya bar gindin a manne, ka shiga uku. Kafin ka ɗaura sabuwa, duba ko robar tsohuwar ta fita tare da ita, domin idan ta maƙale a jikin injin aka ɗora wata a kai, mai zai tsiyaye gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Shafa wa sabuwar robar mai da yatsa, ɗaura da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi ke nan, ba a sa mata ƙarfe. Wannan injin lita 3.7 zuwa 4.2 yake ci idan an canza filta, gwargwadon shekarar motar. Zuba 3.5, tada injin minti ɗaya, kashe, jira minti biyar, ja sandar awo ka cika zuwa alamar sama. Mai Accord ta 2003 zuwa 2007 mai injin 2.4, notinsa 17 ne, mai kuma lita 4.2. Kaurin man da ya dace yana rubuce a murfin zubawa ko a littafi, a Corolla ɗin nan 5W-30 ne. Baƙin man da aka juye a zuba a jarka a kai wa masu saye, kada a tuttular a kwata.

Duk wannan bayani yana nufin mutum ya shiga ƙarƙashin mota, kuma a nan ne ba ma sassautawa. Jak ɗin da ke zuwa da mota don canza taya aka yi shi, ba don a kwanta a ƙarƙashinsa ba. Bulo ma ba matokari ba ne, bulon siminti yana fashewa lokaci guda ba tare da ya ba da sanarwa ba. Matokarin ƙarfe guda biyu, masu ɗaukar tan 2 ko 3, su ne abu na farko da za a saya bayan akwatin, a kafa su a kan daɓe mai tauri, a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a bayan tayar baya. A kan rairayi ko ƙasar da ruwan damina ya jiƙa, a shimfiɗa katako mai kauri tukuna.

Fulogi aiki ne mai sauƙi da ke iya zama mai tsada. A Corolla ɗin, noti lamba 10 ke riƙe kowane kwayil da ke zaune a kan fulogi, a cire shi, a zura soket 16 da doguwar sanda. Soket ɗin akwatin yana da roba a ciki da ke kamo fulogin, amma robar takan zame ta maƙale a kan sabon fulogi a can ƙasan rami. Ɗigon gam ɗaya a bayanta tun kafin a fara amfani yana maganin wannan. Sai injin ya huce sarai ake kwancewa, domin kan injin alminiyom ne, da zafi zarensa na iya biyo fulogin. Hure ƙurar da ke ramin kafin ka cire, in ba haka ba cikin silinda za ta faɗa. Wajen mayarwa, cire racet ka juya sandar da yatsu zalla har zagaye huɗu ko biyar. Idan ya yi tauri tun zagaye na farko, ya hau karkace, dawo da shi baya ka sake. Ƙarfin ɗaurewa 25 Nm ne. Fulogin da aka yi wa wannan injin shi ne Denso SK16R11, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma irin wannan mai siririn baki ba a kankare shi da samfefa ko a daddoka shi. Jabunsa ya yi yawa a kasuwa, kuma araha fiye da kima ita ce alamar farko.

Filtar iska ba ta buƙatar ko sifana, maɓalli biyu ne. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a duba ta kowane wata. A kakkaɓe, a ɗaga ta a rana, idan haske ba ya ratsa takardar a canza. Ba a wanke ta da ruwa ko fetur.

Taya ce ke tona asirin akwatin. Notin Toyota 21 ne, na Honda 19, duk akwai su, amma sandar T ɗin gajera ce, kuma notin da aka hau da ƙafa a wurin mai faci ba za ta motsa shi ba. Ana buƙatar sanda mai tsawon santimita 60. Littafi ya ce 103 Nm ga Corolla, 108 ga Accord, wanda bai kai abin da akan ɗaura musu a bakin titi ba. Yawan ɗaurewa ke miƙar da ƙusar har ta tsinke. A sassauta noti tun mota na ƙasa, a ɗaure su a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, ba a jere ba. Wanda ya ƙudura zai riƙa taɓa injin da birki, sifanar awon ƙarfi, wadda ke yin ƙas idan an kai adadin da aka saita, ta fi masa wani sabon akwati amfani. Iskar taya kuma a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin a hau titi.

Yanzu akwati na biyu. Gudumarsa ba laifi, tef ɗin awo ba laifi, wuƙa ma haka. Filaya takan yi aiki, amma ɗaga ta a haske ka rufe bakin, idan kana hango haske tsakanin haƙoran yankan, ba za ta yanke siririyar waya ba, tauna ta kawai za ta yi. Sukudirebobin su ne mafi muni. Bakinsu laushi ne, yana murɗewa a ƙusa ta uku, kuma sukudireba da bakinta ya lalace ita ke lalata kan ƙusa. Ajiye su don buɗe gwangwanin fenti, ka sayi masu kyau guda huɗu, biyu masu tauraro, PH1 da PH2, biyu masu faɗi. Sifana mai daidaitawa da ke ciki muƙamuƙinta na rawa, ta isa riƙe kan famfo amma kada ta kusanci mota. Araha dai ba ta ado.

Mitar da ake sakawa galibi 'yar rawaya ce ko baƙa mai lamba DT830. Ana raina ta, amma ga batirin mota tana faɗar gaskiya gwargwado. Saita ta a 20 na ɓangaren DC. Batirin da ya kwana bai yi aiki ba, idan ya nuna 12.6 a cike yake, 12.2 ya kai wajen rabi, ƙasa da 12 ya sauka. A tada mota, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.5. Idan bai hau ba, matsalar caji ce, altaneta ko bel ko waya, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu. Wannan awo na minti biyu ya hana mutane da yawa sayen batirin da ba sa buƙata. Farin garin da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa har mota ta riƙa yin ƙas-ƙas ba ta tashi. Sifana 10, a fara cire waya mai alamar ragi, sannan mai alamar tarawa, wajen mayarwa a juya tsarin. Dalili shi ne jikin mota duka a haɗe yake da ragi, idan ka fara da tarawa sifanar ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ne da ƙuna. Ruwan ɗumi da 'yar kanwa yana wanke garin, a goge, a ɗaure, a shafa giris kaɗan a sama.

Laifin mitar biyu ne. Mai harafin B a ƙarshen lambarta ba ta da ƙarar da ke nuna waya ba ta tsinke ba, mai D ce ke da ita, kuma wannan ƙarar ita ce rabin amfanin mita wajen gwada fis da waya. Na biyu ya fi haɗari: ramin da aka rubuta 10A ba shi da fis. Idan ka manta jar wayar a can ka je auna batir ko soket ɗin bango, ka haɗa wuta kai tsaye ta cikin mitar. Wayoyinta ma sirara ne. Don aikin wutar gida muna ba da shawarar a ƙara kuɗi a sayi wadda ta fi ta, mai awon kafasita. Af, batun fis ɗin mota: launi ke nuna ƙarfinsa, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A mayar da irin wanda aka cire. Naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa yana iya tayar da gobara daga ƙarƙashin sitiyari.

A gida, wutar da KEDCO ke kawowa 230 ce, kuma gidan Kano na yau yakan sami hanyar wuta biyu ko uku, ta Nepa, ta janareta, ta sola da inbata. Kashe bireka ɗaya bai tabbatar da komai ba, kuma "ai babu wuta" ba hujja ba ce, ana iya kawo ta hannunka na kan waya. A kashe babban makunni, a kashe inbata, a sa cenjoba a tsakiya. Testar akwatin tana aiki, amma haskenta ba ya ganuwa a rana, kuma kullum a fara gwada ta a wurin da aka san akwai wuta, don testar da ta mutu kullum cewa take lafiya lau. Akwai wani kuskuren wayarin da ya zama ruwan dare, a sa makunnin fitila a kan wayar dawowa maimakon mai wuta. Ƙwan zai mutu idan an kashe, amma mazauninsa na nan da wuta.

Soket ɗin bango da ya yi baƙi ko yake warin roba, sau da yawa ba nauyi ne ya yi masa yawa ba, ƙusar da ke riƙe waya ce ta saki. Haɗin da bai matse ba yana zafi, zafin ya ƙara sassauta shi. A yanke wayar har inda jan ƙarfen yake da haske, a fere kamar santimita 1, a ɗaure tam, a ja a gani. Launuka, bisa haruffan da ke bayan soket ɗin: ruwan ƙasa ko ja a L, shuɗi ko baƙi a N, kore da rawaya a E. Waya mai kauri 1.5 ta fitila da fanka ce, soket 2.5 yake so, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma 4 zuwa sama a kan layinsu na daban. Soket mai 13A iyakarsa wajen wat 3000, don haka dutsen guga da hita a kan jona ɗaya neman magana ne. Wajen sayen waya a kankare silin da wuƙa, idan ya koma fari alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe.

Fankar sama da ta rage gudu, ko sai an tura ta da sanda take tashi, kusan kullum kafasita ce, ba kwayil ba. Tana cikin ƙoƙon da ke saman fankar, wayoyi biyu gare ta, yawanci 2.5uF. Ɗauki hoton haɗin da waya kafin ka cire, haɗa ƙafafunta biyu da bakin sukudireba mai roba don ta sauke abin da ta riƙe, tafi da ita kasuwa ka sayo mai lamba ɗaya. Masu shago kan ce a sa 3.5 don ta ƙara gudu. Za ta ƙara, kwayil ɗin kuma zai riƙa zafi har ya ƙone. Idan kuwa ka juya fankar da hannu ka ji tauri ko gurnani, boris ne, wannan aikin mai gyaran fanka ne.

Ɓangaren famfo akwatin bai tanadi komai ba sai sifanar nan mai rawa. A ƙara filayar famfo mai inci 10, da zarto na sosai, da farin zaren naɗi, da gam ɗin fayif. Zaren ana naɗa shi ta hanyar da ake ɗaure famfon, wato idan bakin fayif na kallonka, ta dama kamar tafiyar agogo. Idan aka naɗa ta hagu, yana warwarewa yayin ɗaurewa. Siririn da ya fi yawa a kasuwa sai an yi zagaye goma zuwa sha biyar. Kan famfo na ƙarfe a cikin mahaɗin roba kuwa a bi shi a hankali, hannu sannan zagaye ɗaya ko biyu da filaya, fiye da haka mahaɗin ya tsage a cikin bango, garin gyaran gira a rasa ido. Famfunan zamani masu kwatar juyi ba su da robar da ake canzawa, wasu faifai biyu ne na tangaran a ciki, kuma yashin rijiyar burtsatse ke karce su har su riƙa ɗiga. Ana kwance kan, a fitar da zuciyar gaba ɗaya a sayo irinta. Idan abin na maimaituwa, tankin sama ne ke son wanki da 'yar matata a bakin fitarsa. Wajen haɗa fayif ɗin roba, a yanke a miƙe, a goge bakin, a tabbata ya bushe ƙarau, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a tura da ɗan murɗawa a riƙe daƙiƙa 30, kuma kada a saki ruwa sai bayan sa'a guda aƙalla. Fayif ɗin da ke shan rana a kan rufi yana bushewa ya riƙa fashewa kamar ƙwai, fenti ko rufi yana ƙara masa kwana.

Wanda zai huda bango don rataye labule ko talabijin, kada ya huda a saitin sama ko ƙasan makunni da soket, ta nan bututun waya ke bi.

Janareta ce inda akwatin 108 ke mayar da kuɗinsa da wuri. Ƙaramar nan ta Tiger mai haɗa mai da fetur, awonta kashi 1 cikin 50 ne, wato mililita 20 na mai a kowace lita, 80 a lita 4. Zubawa babu awo ke sa ko dai hayaƙi da toshewar fulogi da salansa, ko kuma injin ya kama. Manyan masu 2.5 zuwa 3 kVA kuwa mansu daban yake, wajen lita 0.6, kuma suna da na'urar da ke kashe injin idan mai ya yi ƙasa. Saboda haka janaretar da ke tashi ta mutu bayan daƙiƙa kaɗan, a fara duba mai da kuma ko a karkace aka ajiye ta, kafin a taɓa kafireto. Sabuwa ana juye mata mai bayan sa'a 20 na farko, daga nan a ƙurar Kano kada a wuce sa'a 50. Fulogin duka biyun soket 21 ne. Wadda ba ta aiki sai an bar cok a rufe, ko take hawa da sauka, ƙaramin ramin fetur ne ya toshe. A rufe fetur, a kwance notin 10 da ke ƙasan ƙoƙon kafireto, a zubar da ruwa da dattin da suka kwanta, a fitar da jet, wato ƙusar da ke ɗauke da ƙaramin ramin nan, da sukudireba mai faɗi wadda ta cika bakinsa, don tagulla ce mai saurin lalacewa, a fesa masa maganin wanke kafireto a hure. Ba a zura masa allura, tana faɗaɗa ramin ya koma shan mai. Gwaji kuma a fili ake yi, ba a zaure ko shago a rufe ba, hayaƙinta na kisa ba tare da an ji wari mai tayar da hankali ba.

Akwai ayyukan da ko akwatin ya ba ka soket ɗin da ya dace, bai ba ka izini ba. Sifirin ɗin shokozoba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya ƙashi. Bel ɗin taimin idan ya goce da haƙori ɗaya injin ya rikice. Jakar iska ta sitiyari, da bututun man birki, da iskar gas ta girki, da duk abin da ke gaban mitar KEDCO, na masu sana'ar ne. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi, ruwan a matse yake kuma ya wuce zafin tafasa. Idan mota na zafi, a duba fanka da murfin da tiyo da toshewar lagireto, wadda ruwan rijiya zalla ke jawowa. Cire tamostat, wato 'yar na'urar da ke daidaita zafin ruwan injin, da ake yi a matsayin magani ɓoye ciwon kawai yake, ya bar injin yana aiki a sanyaye yana ƙara shan fetur.

Ga mai mota ko janareta, a sayi na 108, a ƙara jerin sifana, matokari biyu, doguwar sanda da abin kwance filta. Akwatin kayan gida kuwa, idan kyauta aka ba ka karɓa, amma idan kuɗinka ne, gara ka bi shago-shago ka tsinci guduma, filaya biyu, sukudireba huɗu, testa, mita mai ƙara da filayar famfo ɗaya bayan ɗaya, ka zuba su a tsohuwar jakar makaranta. Lokacin damina a goge ƙarfen da tsumma mai ɗan baƙin mai kafin a mayar, don fentin cikin soket ɗin siriri ne, tsatsa daga nan take farawa.